Jirgin Dakon Jiragen Yaƙi: Ƙirarsa da Kayan Gyaransa

[Kiɗan buɗe shiri]

 Gaisuwa ta musamman ga masunta da manoman rani na bakin Tiga a Bebeji, da kanikawa da direbobin Kwanar Dangora a Kiru, da masu injin casar shinkafa a Tudun Wada, da manoman masara na Doguwa har zuwa Riruwai. Yau shirin zai shiga teku, ya duba manyan jiragen ruwan nan masu dakon jiragen yaƙi na tsakiyar ƙarni na 20, yadda aka ƙera su, da abin da ya riƙe su suka yi aiki shekara da shekaru, wato kayan gyara.

Mai sauraro zai iya cewa ina ruwan mutumin kudancin Kano da jirgin teku. To, tarihi ya taɓa haɗa su.

Ranar 19 ga Yuli, 1942, Yaƙin Duniya na Biyu yana tsaka da ci, wani jirgin ruwan Amurka mai suna Ranger ya iso daura da Accra, a ƙasar Gwalkwas, Ghana ta yau. Ya juya hancinsa ya fuskanci iska, ya ƙara gudu, sai jiragen yaƙi samfurin P-40 guda 72 suka dinga tashi daga doronsa ɗaya bayan ɗaya. Wata biyu kafin nan ya sauke wasu 68 a daidai wurin. Jiragen na sojan ƙasa ne, ba su da ƙugiyar sauka a kan jirgin ruwa, don haka duk wanda ya tashi ba shi da halin komawa. Daga Accra sai suka kama hanyar da Turawan Ingila suka buɗe tun Satumba 1940: Legas, Kano, Maiduguri, Chadi, Darfur, Khartoum, sannan Masar. Jirgin da ya taso daga Legas kuwa ta kudu maso yamma yake shigowa Kano.

An buɗe wannan hanya ne saboda Faransa ta faɗi, Italiya ta shiga yaƙi, Bahar Rum ta zama tarko ga jiragen Ingila. Da gwamnan Chadi, Félix Éboué, ya bi sahun Janar de Gaulle a Agusta 1940, sai sararin samaniya ya buɗe daga gaɓar Afirka ta Yamma har Kogin Nilu. Yawancin jiragen a cikin akwatuna ake kawo su Takoradi a harhaɗa, wasu kuma jiragen dako irin su Furious na Ingila ke kawowa a haɗe. Zuwa 1943 sama da jirage 5,000 sun bi ta wannan hanya, kuma filin jirgin Kano na cikin manyan zangonta. Ƙura da zafi suna cin injina a tafiyar ta kusan mako guda, har jirgi ya isa Masar yana bukatar gyara tun bai ga fagen daga ba. Wanda ƙaramin abu ya lalace masa a hanya yakan zauna a ƙasa har sai kayan sun iso daga nesa.

[Gajeren kiɗa]

Yanzu ga ƙirar jirgin kansa. Mafi shahara a wancan zamani shi ne samfurin Essex na Amurka, wanda na farkonsa ya fara aiki a ranar ƙarshe ta 1942, aka kuma kammala guda 24. Tsawonsa ya kai mita 266, wato filin ƙwallo biyu da rabi a jere. Samansa shimfiɗaɗɗen fili ne na tashi da sauka. Ɗakin kyaftin da bututun hayaƙi da na'urorin hangen nesa duk an tattara su a gini ɗaya siriri a gefen dama, don kada su tare hanya. Ƙarƙashin filin akwai wata doguwar rumfa inda ake ajiye jirage ana gyara su, da lif uku masu hawa da su sama. Can ƙasa kuma tukwanen tururi takwas ne ke juya farfela huɗu, suna tura wannan ƙaton da gudun kusan kilomita 60 a awa. Yana ɗaukar jirage 90 zuwa 100, da mutane kusan 3,000. Domin jiragen su samu wuri, fukafukansu naɗewa suke yi.

Sauka ita ce wuya. Matuƙi na tahowa daga baya, filin yana gaba yana gudu yana kuma tangaɗi da igiyar ruwa. A kusurwar hagu wani jami'i na tsaye da faifai biyu a hannu, yana ɗaga su yana sauke su: ka yi sama da yawa, ka yi ƙasa, rage wuta. An gitta igiyoyin ƙarfe a faɗin filin, a wutsiyar jirgin kuma akwai ƙugiya. Da ƙugiyar ta cafki igiya, sai igiyar ta ja wata na'ura mai aiki da matsin mai a ƙarƙashin bene, jirgin ya tsaya cik cikin daƙiƙa biyu ko uku. Kowace igiya ana lissafa mata yawan jiragen da ta tare. In adadin ya cika a cire ta a sa sabuwa, ko da ido bai ga lahani a jikinta ba, domin igiyar da ta tsinke tana iya sare ƙafafun duk wanda ke kusa.

A kan filin nan ne maƙeran Amurka da na Ingila suka raba hanya. Amurkawa suka shimfiɗa katako a kan siririn ƙarfe: ba nauyi, ga wurin jirage da yawa, in bam ya fasa kuma kafintoci su toshe ramin. Turawan Ingila, a samfurin Illustrious, suka zuba sulken ƙarfe mai kaurin inci uku. Nauyin sulken ya tilasta musu rage girman rumfa, sai jiragensu suka zama kaɗan.

Watan Mayu na 1945 ya gwada kowa. Ranar 4 ga wata wani matuƙin ƙunar baƙin wake na Japan ya faɗo kan Formidable na Ingila. Mutum takwas suka rasu, sulken ya lotsa. Da aka kashe wutar, ma'aikata suka cike lotsawar da katako da siminti mai saurin bushewa, suka ɗora fallayen ƙarfe suka yi musu walda, kafin faɗuwar rana jirage sun koma sauka. Mako guda bayan haka, ranar 11 ga wata, jirage biyu suka faɗo kan Bunker Hill na Amurka, wuta ta kama jiragen da ke cike da mai, mutum kusan 400 suka halaka, aka mayar da shi gida gyara, bai sake shiga yaƙin ba. Sai dai lissafin bai tsaya nan ba. Dukan da Formidable ya sha a tsawon yaƙi ya taɓa ƙashin jikinsa, bayan yaƙi aka ga gyaransa ya fi ƙarfin aljihu, a 1953 aka sayar da shi ga masu yankan ƙarfe. Na samfurin Essex kuwa ko ɗaya bai nutse a yaƙi ba, kuma da yake filinsu ɗora shi aka yi a kan gangar jiki, sai ya yi sauƙin kwancewa a sake sabo. Ɗaya daga cikinsu, Lexington, da ya fara aiki a 1943, bai yi ritaya ba sai 1991.

Saurin gyara ma makami ne. A Mayu 1942 jirgin Yorktown na Amurka ya dawo tashar Pearl Harbor da raunin bam daga yaƙin Tekun Coral. Aka ƙiyasta gyaransa zai ci wata uku. Ma'aikata kusan 1,400 suka hau shi dare da rana, cikin kwana uku ya koma teku. A yaƙin Midway, farkon Yuni, jiragensa na cikin waɗanda suka nutsar da jiragen dakon Japan, kafin shi ma a nutsar da shi. Japan ta rasa huɗu a wannan karo. Wasu manyan jiragenta biyu da suka yi yaƙin Tekun Coral ba su halarta ba: ɗaya yana gyara, ɗaya yana jiran sababbin jirage da matuƙa.

[Gajeren kiɗa]

Ina kayan gyaran ke fitowa a tsakiyar teku, kilomita dubbai daga masana'anta? Na farko daga cikin jirgin. Akwai shagon walda, da na sassaƙa ƙarfe, da na lantarki, da na rediyo, da sito-sito cike da tayoyi, fulogi, farfela da injina sukutum. A saman rumfar wasu jiragen har fukafukai da gangar jirage ake ratayewa. Na biyu, rundunar tana tafe da ayarin jiragen hidima. A tsibiran Ulithi da ke yammacin tekun Pasifik, Amurka ta tara ɗaruruwan jiragen mai, na abinci, na makamai da na gyara, har da tashoshin gyara masu yawo a ruwa waɗanda ke ɗaga jirgi sama a yi masa aiki a ƙasan ciki. Ingila kuma ta ƙera Unicorn, wanda ya fara aiki a 1943, jirgin dako ne amma babban aikinsa gyaran jiragen sauran.

Duk da wannan tanadi, ƙaramin noti ya wahalar da ƙawayen biyu. Zaren notin Ingila, tsarin Whitworth, an yanka shi a kan kusurwa mai digiri 55, na Amurka a kan digiri 60. A ido kusan ɗaya suke. Bakanike zai ɗora noti ya murɗa, ya yi zagaye biyu ya cije. In ya matsa da ƙarfi zaren ya lalace, ya yi asarar duka biyun. Hatta sufanun ba sa shiga na juna. Rundunar ruwan Ingila kuwa ta dogara ƙwarai da jiragen Amurka irin su Corsair da Avenger, don haka jirgi ɗaya sai ya ɗauki noti iri biyu da kayan aiki iri biyu. Corsair ɗin ma sai da aka datse inci takwas daga bakin kowane fiffike kafin ya shiga rumfar jiragen Ingila in an naɗe shi. Jiragen P-40 da suka taso daga Ranger a watan Yuli suna ɗauke da wannan matsala a cikinsu: injinsu Merlin ne, ƙirar Rolls-Royce ta Ingila, kamfanin Packard ya ƙera a Detroit da notuna masu zaren Ingila, aka ɗora a jikin jirgin da sauran notunansa na Amurka ne.

Bayan yaƙi aka zauna aka gyara. A 1949 Amurka da Ingila da Kanada suka koma tsarin zare guda. A 1952 majalisar Amurka ta yi dokar da ta wajabta wa sojojinta ba kowane kaya suna ɗaya da lamba ɗaya, domin an gano abu guda yana zaune a sito daban-daban da sunaye daban-daban, wani na nema ido rufe, wani na da shi jibge bai sani ba. Lambar ta fara da alƙaluma 11, daga baya ta zama 13, kuma ƙasashen ƙungiyar NATO da wasu da dama da ita suke aiki har yau. A tsakiyar shekarun 1950 kuma aka samar da jirgin sama na musamman, Trader, wanda aikinsa kai wasiƙu da mutane da kayan gyara na gaggawa kan jirgin da ke tsakiyar teku.

Ƙasar nan ma ta ba da nata kason, kuma da tsada ta bayar. Kuza na shiga cikin dalmar haɗa wayoyi, da tagullar farfela da famfuna, da farin ƙarfen da ake shafe boris na manyan injina da shi. Da Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar mahaƙarta, ta juyo kan Nijeriya. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi ta kwasar talakawa daga lardunan Arewa zuwa ramukan kuza na Jos, aikin tilas da mutane suka sa wa suna diban gwamna, da yawa kuma sanyi da yunwa da cuta suka kashe su a can. Duwatsun Riruwai na Doguwa dangin na Jos ne, su ma an daɗe ana haƙar kuza a cikinsu. A shekarun 1950 kuma Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da kwalambayit, ma'adinin da ake gauraya ƙarfe da shi don ya jure zafin injin jet.

[Gajeren kiɗa]

Shigowar jet ta kusa mayar da jiragen dako tsohon yayi. Jet ya fi nauyi, ya fi gudu wajen sauka, injinsa kuma ba ya amsa wuta nan take. A tsohon tsari, wanda ƙugiyarsa ta kuskure igiya sai ya faɗa shinge, in ya tsallake shingen ya afka wa jiragen da ke ajiye a gaba. Dabaru uku suka ceci lamarin, dukansu daga jami'an ruwan Ingila. Dennis Cambell ya kawo shawarar a karkatar da layin sauka zuwa hagu da 'yan digiri, ta yadda wanda ya kuskure zai ƙara wuta ya tashi ya sake zagayowa. Amurka ta gwada haka a kan jirginta Antietam a farkon 1953. Colin Mitchell ya ƙera majaujawa mai aiki da tururin tukwanen jirgin, wadda ke cilla jet sama cikin 'yan daƙiƙu, aka gwada ta a kan jirgin Perseus daga 1950. Nicholas Goodhart kuma ya haɗa madubi da fitilu da ke nuna wa matuƙi ko yana kan daidai. Jiragen da ƙirarsu ta bar sararin ƙari suka karɓi waɗannan sauye-sauye suka ci gaba da aiki. Jirgin dako mai suna Midway, da ya fara a 1945, ya kai har 1992, yanzu gidan tarihi ne a San Diego.

Tsufan jirgi kuwa daga sito yake farawa. Masana'antar da ta ƙera famfo ta rufe, ko ta daina wannan samfuri, sai a koma cire na wani a sa wa wani. Ingila ta ajiye jirginta Eagle a 1972, ta ɗaure shi kusa da Plymouth, aka yi ta kwance kayansa ana ciyar da ɗan'uwansa Ark Royal har 1978. Daga ƙarshe duka biyun suka tafi wurin yanka.

Ƙasashen da suka sayi na hannu sun ga fuska biyu ta wannan ciniki. A 1942 Ingila ta zana wasu ƙananan jiragen dako masu sauƙin ƙira, a kan tsarin jiragen 'yan kasuwa, da niyyar su yi 'yan shekaru kawai. Da yake an yi su da yawa, injinansu kuma sanannu ne, sai suka fi kowa daɗewa. Indiya ta yi aiki da Vikrant daga 1961 zuwa 1997. Brazil ta sayi wani a 1956, ta sa masa suna Minas Gerais, ya yi mata aiki har 2001. Amma da Brazil ɗin ta sayi Foch daga Faransa a 2000 kan dala miliyan 12, kuɗin da bai taka kara ya karya ba a irin wannan kasuwa, ta sa masa suna São Paulo, sai ta tarar da jirgi ne da guda biyu kacal aka taɓa ƙerawa irinsa. Bututun tururi ya fashe a 2005 ya kashe ma'aikata, jirgin ya fi daɗewa a wurin gyara a kan teku, a Fabrairu 2023 aka nutsar da shi da gangan a tekun Atlantika.

Nijeriya ba ta taɓa mallakar jirgin dako ba, amma ta san wannan ciwo. Aradu, babban jirgin yaƙinta da kamfanin Blohm + Voss ya ƙera a Hamburg ta Jamus, ya fara aiki a 1982, yana ɗaukar jirgi mai saukar ungulu. A 2005 ya je Ingila bikin cika shekara 200 da yaƙin Trafalgar. Bayan nan ya shafe shekaru masu yawa a ɗaure a Legas yana jiran gyara. Yau rundunar sojan ruwa tana da kwalejin koyar da harkar tanadi da sarrafa kayan aiki a Dawakin Tofa, a nan jihar Kano.

[Gajeren kiɗa]

Jama'a masu sauraro, wannan batu ya shafi kowane mai inji a yankinmu. Madatsar Tiga, da aka gina tsakanin 1971 da 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ta haura shekara 50, kuma ƙofofinta da magudananta ƙarfe ne da siminti masu bukatar kulawa a kan kari. Manomin rani da injin ban ruwansa ya tsaya a tsakiyar zafin Maris, kwana kaɗan ne tsakaninsa da asarar tumatir ko shinkafarsa. Mai injin casa da boris ya ƙone masa a kaka, buhunan mutane ne za su taru a ƙofarsa. Tarakta nawa ke zaune a kan duwatsu a harabar ma'aikatu, ba don injin ya mutu ba, sai don wani ƙaramin abu da babu irinsa a kasuwa?

Ga abin da ya kamata a riƙe. Kafin a biya kuɗin inji, a tambaya ko ana samun kayansa a Ƙofar Ruwa ko a kasuwar kusa, a kuma tambaya ko akwai bakaniken da ya san shi a garin. Ƙungiyar manoma da za ta sayi injina da yawa ta sayi samfuri ɗaya, domin ringi da fistin da sil na ɗaya su shiga ɗaya. A rubuta lambar da ke jikin inji da ta kayan da aka cire a littafi, a tafi kasuwa da lambar ko da tsohon kayan a hannu. Abubuwan da aka san suna ci, irin su bel, fulogi, filta da boris, a saye su tun kafin a fara aiki, a canza su a kan lokaci ba sai sun watse ba. In tilas ta sa an cire kayan wani inji an sa wa wani, a rubuta abin da aka cire, a mayar da shi da zarar an samu. Hukumomin da ke sayo taraktoci da kuɗin jama'a kuma, haƙƙi ne a kansu su sa kayan gyara na shekaru da horar da kanikawa a cikin yarjejeniyar ciniki tun ranar farko.

A nan za mu dakata. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, shirin zai duba yadda ake kula da injin ban ruwa daga farkon rani zuwa faɗuwar damina. 

[Kiɗan rufe shiri]